Sunan Alhaji na Biyu

Alhaji Munkaila ya ɗaga leɓen ragon da babban yatsa, ya duba haƙora, ya sake shi. Ya goge hannunsa a gashin bayan dabbar.

"Ya tsufa," in ji shi. "Shekara ɗaya aka haife ku."

Dillalin ya daka tsalle kamar an taka masa ƙafa. Sunansa Abdussalamu. Gajere ne, mai ido ɗaya, da tabon sanda a goshi. Ba a taɓa tashi daga kasuwar dabbobi ta Dogon Dutsi ba tare da an raba shi faɗa da wani ba.

"Alhaji, wallahi ɗan bara ne! Tambayi kowa a nan!"

"Rage murya. Ubanka ya yanka rago ya ce Abdussalamu, bawan Mai aminci. Da ya san abin da zai fito, da ya bar ragon ya ci gaba da kiwonsa."

Mutane suka yi dariya. Kullum suna yi. Mai shagunan atamfa a bakin kwalta ba ya faɗar abin dariya a rasa masu dariya.

Wannan ita ce sana'ar Alhaji ta biyu, wadda ba a biyansa. Yana auna mutum da sunansa. Ya taɓa korar yaron shago don sunansa Aminu amma idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ya ce da wata malamar asibiti Sabira ba sunanta ba ne, tun da ta daka masa tsawa a layi. In an matsa masa sai ya shafa gemu ya ce, "Ku dube ni. Munkaila, sunan mala'ika. Ga tsawo, ga haske, ga nutsuwa. Ubana ya duba kafin ya buɗe baki." Yakan gyara rawaninsa in ya faɗi haka. Ba wanda ya taɓa ganinsa ba rawani, ko a tsakiyar bazara.

Gobe sunan jikansa. Shi ya sa ya zo da kansa.

Yana taɓa ƙahon wani ragon ya ji muryar.

"Ajuji!"

Hannunsa ya tsaya a kan ƙahon. Bai juya ba.

"Kai, Ajuji! Kurma ka koma, ko kuɗi sun toshe ma kunne?"

Wata tsohuwa ce ta sauko daga motar Sukukutane, ƙauyensu, ƙulli a kai, ƙwarya a hammata, takalmin roba kala biyu a ƙafa. Ta ratso awaki ta nufo shi kai tsaye. Altine ce, 'yar kawunsa, taubashiyarsa. Shekara da shekaru yana aika mata turmin atamfa kowace salla. Mutane suna cewa zumunci ne. Ba zumunci ba ne. Don ta zauna inda take ne.

Abdussalamu ya waiga hagu, ya waiga dama da idonsa ɗaya. "Wa take kira?"

"Mahaukaciya ce," in ji Alhaji. "Nawa ka ce ragon farko?"

Dillalin ya faɗi farashin da ya saba faɗa don a zage shi. Alhaji ya biya bai ce uffan ba. Ya kama igiya da hannu ɗaya, ya kama gwiwar hannun tsohuwar da ɗayan, ya ja su duka biyun waje. Abdussalamu ya bi su da kallo. Tun da yake dillanci Alhaji bai taɓa sayen ko kaza ba ciniki ba.

A bakin hanya ya tsayar da babur na kabu-kabu. Altine ta ce ita ba ta hawan abin da ba shi da ƙafa huɗu. Dole suka taka, shi a gaba, rago a tsakiya, ita a baya, bakinta bai huta ba.

"Dubi tumbi. Dubi riga. Wa za shi ce ni na tsince ka bisa juji, toka har cikin hanci?"

"Altine."

"Na'am, bawana."

"Wa ya kira ki?"

"Suna ake yi gidan ɗan'uwana. Sai an kira ni?"

Ya tsaya a inuwar wata bishiyar dogon yaro, ya duba ko akwai mai ji. "Sunan nan ya mutu ranar da na bar Sukukutane. 'Ya'yana ba su san shi ba. In kika faɗe shi a gidana, motar da ta kawo ki ita za ta mai da ki yau."

"Ya mutu? To wane ne wanga ke tsaye gabana?" Ta sauke ƙullinta ta sake ɗaura shi. "Huɗu Inna ta binne kahin kai. Huɗu, duk masu suna mai daɗi. Da ka zo, ta ce wanga ba na so, ku yar. Aka aza ka bisa juji, aka tsaga ma kunne, aka ce da ni, ke Altine, tahi ki ɗauko abin banzan can. Doguwa ta leƙo ta ga shara, ta wuce. Ga ka nan kana zagin mutane cikin kasuwa."

"Jahilci ne."

"Awo. Jahilcin ya yi gemu."

Ta yarda za ta riƙe bakinta a cikin gida. Ta ce har gobe kawai. Daga nan bakinta nata ne.

Gidan ya cika da mata. Ana daka, ana tankaɗe, ana faɗa a kan tukunya. Hajiya Sahura, matar Alhaji, ta tarbi baƙuwar da murnar da ta yi yawa. Alhaji ya lura da hakan. Ya wuce ya ɗaure rago.

Bilyaminu, autansa, uban jariri, yana tsakar gida yana magana da salula biyu. Shagon waya gare shi kusa da tasha. Wandonsa ya tsaya a ƙwauri, gemunsa ya fi na ubansa tsawo ko da yake bai kai shi kauri ba. Ba ya wasa da salla, ba ya wasa da wa'azi, kuma ya san hukuncin komai, har abin da ba a tambaye shi ba.

Haihuwar matarsa Hidaya ta huɗu ke nan. Na farko Abdul'aziz. An yi taro, an kafa rumfa, an ɗauko lasifika. Alhaji ya ɗaga jaririn a gaban jama'a ya ce, "Ku dubi goshi. Wannan Abdul'aziz ne tun daga ciki." Bai kai ga yin rarrafe ba. Ta biyu Amira. Alhaji ya ce yatsunta na sarauta ne. Ta tafi da damina. Na uku Salman, shi ya fi daɗewa, har ya fara cewa "Baba". Duk ukun suna kwance a maƙabarta, bayan gari, kusa da juna, kowanne da sunan da ya dace da shi.

Altine ta shiga ɗakin mai jego ba sallama. Hidaya tana zaune a bakin gado, idanunta sun faɗa, yatsunta biyu a kan ƙirjin jaririn. Tun ranar haihuwa haka take. In ta gyangyaɗa sai ta farka a firgice ta sa kunne a hancinsa.

Tsohuwar ta buɗe zanen ta duba yaron sama da ƙasa. Ta yamutsa fuska.

"Tir! Mummuna. Ban taɓa ganin mummunan ɗa irin wanga ba. Wa za shi so wanga?" Ta faɗa da ƙarfi, tana kallon rufin ɗaki. Sannan ta sunkuya ta shinshina kansa a hankali.

Ta fito tsakar gida ta zauna a kan turmi. "Bilya, zo nan. Mi za ka sa mishi?"

Bilyaminu ya durƙusa ya gaishe ta. "Gwaggo, ba a faɗa sai gobe. Amma ke uwa ce. Mukhtar. Ma'anarsa zaɓaɓɓe."

"Zaɓaɓɓe." Ta tafa hannu. "Madalla. Ka ƙara da lasihika, don wadda ba ta ji ba ta ji. Ku dai ba ku gajiya. Uku kun yi shela, uku an zo an amsa."

Daka ya tsaya. Mata suka sunkuyar da kai, kunnuwansu a miƙe.

Altine ta faɗi abin da ta zo da shi. Gobe kafin rana ta fito a ɗora yaron a kan juji, wata ta tsince shi. A tsaga masa kunne kaɗan. A ba shi sunan da ba mai kwaɗayinsa. Ta ƙara da cewa ta ga jujin unguwar tana shigowa, kuma bai yi mata ba, duk baƙar leda ce da gwangwani. A ƙauye juji toka ne da ƙaiƙayi, mai tsabta. Amma za a yi haƙuri da abin da birni ya samar.

Bilyaminu ya miƙe tsaye. "A'uzu billahi. Gwaggo, wannan shirka ce tsantsa. Rai da mutuwa na Allah ne. Ba doguwa, ba iska, ba juji."

"Wa ya ce ba na Allah ba ne? Ni ma ina salla tun ba a haifi uwarka ba."

"To, ki bar maganar. An umurce mu mu kyautata sunayen 'ya'yanmu. Ɗana ba shara ba ne. Yaya zai shiga lakkwal, cikin 'yan makaranta, da sunan bola? Yaya zai tsaya gaban mutane?"

"Na san wanda ya tsaya. Har Makka ya tahi da shi."

"Wane ne?"

Altine ta juya ta dubi Alhaji. Hajiya Sahura ta sami aiki a cikin tukunyar da ba komai a cikinta.

Alhaji ya gyara rawani. "Yaron ya faɗi gaskiya," in ji shi. "Mutum sunansa ne. Wanda aka kira shara, shara zai zama. Ban taɓa ganin mai irin sunan nan da ya zama wani abu ba. Ta tsufa. Ku ba ta fura ta kwanta."

"Awo," in ji Altine. "Na tsufa. Idona ma ba shi gani. Ɗazu na ga wani ƙato cikin kasuwa, na ɗauka na san shi."

Ta karɓi furar ta shanye.

Bayan la'asar Alhaji ya zauna a zaure shi kaɗai. Ya ɗauki carbi, ya ajiye. Ragon yana kuka a ciki. Da gaske tsoho ne, an cuce shi, kuma ya san duk kasuwa ta sani.

Ya ji motsi a ƙofar da ke shiga gida. Hidaya ce ta durƙusa a bakin ƙofa, lulluɓe da hijabi, jariri a hannu. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa yi masa magana da ta wuce gaisuwa ba. Mai jego kuma ba ta fitowa zaure. Ya kau da kai, kamar yadda ya kamata.

"Baba."

"Lafiya?"

"Ni na aika a kira Gwaggo."

Ya sake ɗaukar carbinsa.

"Na yi lakkwal, Baba. Ubana malami ne. Na je awo duk lokacin da aka ce in je. An yi masa allura, an auna shi, an ce lafiyarsa lau." Ta gyara riƙon yaron. "Haka aka ce da sauran."

"Allah ne mai rayawa."

"Shi ne. Ban ce na yarda da doguwa ba. Ban san ta ba. Amma duk suna mai kyau da na sani, na ji shi a bakin masu zuwa gaisuwar mutuwa. In aka ce Mukhtar gobe, ni na san abin da kunnena zai ji."

"Ki yi magana da mijinki."

"Na yi. Ya karanta mini aya. Aya gaskiya ce. Barcin dai bai zo ba."

Alhaji ya dubi bango.

"Ranar da aka kai Salman," in ji ta, muryarta ta yi ƙasa, "Hajiya ta zauna da ni. Ta ga ba na ci, ba na sha. Ta faɗa mini wani abu don in san ana rayuwa bayan huɗu ma."

To. Shekara arba'in da wani abu yana ciyar da Hajiya, ashe ga ranar da take jira. Ya ji kunnensa na hagu yana zafi a ƙarƙashin rawani.

"Ba na son a kai shi juji, Baba. Ba na son a taɓa shi da aska. Sunan da aka gwada nake so. Wanda ya riƙe mutum har ya yi furfura."

Ta matso da gwiwa, ta kwantar da jaririn a kan tabarma a gabansa, ta koma bakin ƙofa.

Alhaji ya sunkuya. Wannan aikinsa ne, duk gari ya sani. Ya duba goshi. Ya duba hanci, ya buɗe ɗan hannun ya duba yatsu. Ya nemi Mukhtar a fuskar, bai gan shi ba. Ya nemi wani sunan, ko wane ne. Babu. Ɗan jan abu ne mai tattararriyar fata, yana numfashi da sauri kamar ɗan tsako. Goshin irin na Abdul'aziz ne. Yatsun irin na Amira ne. Haka duk suke zuwa, ashe. Shi ne dai yake buɗe baki.

Yaron ya kama yatsansa ya riƙe.

"Ɗauke shi," in ji Alhaji. "Akwai iska a nan."

Ta ɗauke shi ta tafi. Bai ce mata e ba, bai ce a'a ba.

Da safe bayan an fito masallaci aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. 'Yan kasuwa suka zo, maƙwabta suka zo. Abokan Bilyaminu suka zauna gefe ɗaya, wandunansu duk tsawo ɗaya kamar tela ɗaya ya yanka. An hana maroƙa, an hana kiɗa. Lasifika dai an kawo, don ita ba bidi'a ba ce. Abdussalamu dillali ma ya zo, ba wanda ya gayyace shi. Ya ce ya zo ya ga ƙarshen ragonsa. Ya zauna inda zai ga fuskar Alhaji sosai.

Aka raba goro da dabino. Liman, Malam Shu'aibu, tsoho mai ƙarancin magana, ya gyara zama. Bilyaminu ya matso zai raɗa masa suna a kunne.

"Dakata," in ji Alhaji.

Bilyaminu ya tsaya a durƙushe.

"Uku ka zaɓa, ban hana ka ba. Wannan nawa ne. Takwara nake so."

Fuskar Bilyaminu ta washe. Ya daɗe yana jin kunyar abokansa a kan bai taɓa yi wa ubansa takwara ba. "Sunanka, Baba? Alhamdu lillahi. Wallahi na yarda."

Alhaji da kansa ya faɗa wa liman. Malam Shu'aibu ya ɗaga murya ya ce an sami Munkaila, Allah ya raya shi. Aka shafa fatiha. Mahauci ya kwantar da tsohon ragon. Wani daga cikin 'yan kasuwa ya ce suna ya koma gidansa, yaron zai yi tsawo da haske. Saura suka ce ƙwarai kuwa. Ba wanda ya ga yaron a cikinsu.

Bilyaminu ya juyo wajen abokansa yana murmushi. "To, tun da ni da uwarsa ba za mu iya kiran sunan Baba ba, a gida sai a riƙa ce masa Mukhtar. Shi ke nan, kowa ya samu."

Yaron yana da wayo. A wajen uwarsa ya gado shi.

"A'a," in ji Alhaji. "Takwara ba ya ɗaukar rabi."

Ya kai hannu ya fara warware rawani. Ya yi shi a hankali, ninki bayan ninki, yana tara shi a cinya. Surutu ya mutu. Kan da ya fito ƙarami ne, fari fat, ba wanda ya san shi. A saman kunnen hagu akwai tsaga, tsohuwa, wadda ta warke tun kafin a haifi yawancin waɗanda ke zaune.

"Munkaila na yanka ne," in ji shi. "Ba wanda ya kira ni da shi sai da na zo garin nan na tono shi da kaina. Huɗu uwata ta binne. Ni ta yar a kan juji. Sunana Ajuji. Da shi na yi rarrafe, da shi na yi kiwo, da shi na yi kaciya. Da shi za a kira yaron nan."

Lasifikar a kunne take. Har masu shayi a bakin kwalta sun ji.

Wani a cikin abokan Bilyaminu ya yi tari. Wani ya sa goro a baki don ya sami abin yi da shi. Ɗan kasuwar da ya yi maganar tsawo da haske ya shiga duban takalminsa.

Bilyaminu ya matso. "Baba, don Allah. Jiya ka ce..."

"Jiya na ce. Yau na ce."

"Amma asalin abin nan, Baba, ka san..."

"Ba mai kai shi juji. Ba mai taɓa kunnensa. Ban kira doguwa ba, ban yanka mata komai ba. Sunan ubanka na ba ɗanka. In sunan ubanka shirka ne, ga mutane, ga lasifika. Faɗa."

Bilyaminu ya buɗe baki. Ya dubi abokansa. Su da suke da amsar komai, yau kowa ya sami saƙo a salularsa. Ya dubi liman.

Malam Shu'aibu ya tauna dabinonsa har ya gama, ya fitar da ƙwallon, ya duba shi. "An yanka da Munkaila," in ji shi. "Saura laƙabi ne. Na ji waɗanda suka fi shi daɗi." Ya ajiye ƙwallon. "Na kuma yi wa masu su salla. Allah ya raya."

"Amin," in ji jama'a, da sauri, kowa yana son a wuce wurin.

Daga cikin gida guɗa ta tashi, tsohuwar murya mai karkarwa, ta daɗe ba ta sauka ba.

Bilyaminu ya zauna a kan dugadugansa. Ya daɗe yana kallon kunnen ubansa. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta. "To mu fa, Baba? Wannan ma sunanka ne. Ni da uwarsa da me za mu kira shi?"

"Ku ce Baba. Gari zai kira sauran."

Mutane suka fara tashi. Kowa ya zo ya ba Alhaji hannu, ya ce Allah ya raya, idonsa a kan kunnen. Waɗanda ya taɓa auna sunansu sun fi kowa daɗewa a gaisuwar. Aminu da ya kora daga shago, wanda yanzu yake da nasa shagon, ya gaishe shi har sau biyu. Alhaji bai mai da rawanin ba. Ya bar shi a cinya.

Altine ta leƙo ƙofar zaure, hannunta duk man tuya.

"Rabin aiki," in ji ta. "Ba juji, ba aska. Aikin 'yan birni. Da Inna ta yi maka haka, da yanzu ba ka nan."

"Koma ciki."

"Ina komawa. Na zo in gaya ma, ɗiyar nan ta yi barci. Tana jin sunan ta kwanta, ko kallabi ba ta cire ba. Yaron na hannun Hajiya. An hana kowa daka."

Ta tafi.

Saura mutum ɗaya a kan tabarma. Abdussalamu ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya zo ya tsaya a gaban Alhaji. Ya karkata kai ya duba shi da idonsa ɗaya, daga kunne zuwa gemu, daga gemu zuwa tumbi, kamar yadda ake duba dabba kafin a yi tayi. Waɗanda suka fara tafiya suka rage sauri.

Ya cika ƙirjinsa da iska, ya saki muryar da yake kiran masu saye daga wancan gefen kasuwa.

"Alhaji Ajuji!"

Alhaji ya ɗaga kai.

"Na'am," in ji shi. "Rage murya. Uwar yaron tana barci."